Vasa: me ya kifar da jirgin yaƙin Suwidin a 1628, kuma me ya sa ake sake tallafe shi yanzu?

Tun shekarar 2024 injiniyoyi da maƙera ke aiki a ƙarƙashin wani tsohon jirgin yaƙi na katako da ke ajiye a gidan tarihi a Stockholm, babban birnin Suwidin, suna cire tsoffin madogaransa suna sa sababbi na ƙarfe. So ake a kammala kafin 2028, lokacin da jirgin zai cika shekara 400 da nitsewa. Sunansa Vasa. Labarin ya bar mutane da dama da tambaya biyu. Ta farko, yaya jirgin da ke zaune a kan tudu, a cikin ɗaki mai rufi, za a ce wai yana lotsawa? Ta biyu ta girmi ta farko: me ya sa jirgin da aka kashe wa dukiya mai yawa, aka ƙawata shi kamar fadar sarki, ya kife a ranarsa ta farko tun bai bar tashar jiragen ruwa ba?

Amsar tambayoyin biyu tana komawa ga abu ɗaya, wato yadda nauyin jirgi ke zama da abin da ke riƙe da shi.

Kalmomin da sai an san su

Jirgin yaƙi na wancan zamani ba shi da inji. Iska ce ke tura shi, ta hanyar manyan ƙyallaye masu kauri da ake kira filafilai, waɗanda ake ɗaurawa a kan dogayen jigajigai na itace. Vasa yana da jigo uku da filafilai 10, faɗinsu gaba ɗaya ya kai murabba'in mita 1,275. Ƙashin bayan jirgi shi ne dogon gungumen da ke kwance a can ƙasa daga goshi zuwa ƙeya, kuma a kansa ake ɗora komai. Cikin jirgin hawa-hawa ne kamar bene, kuma hawan da aka jera igwogi a kansa yana da tagogi a gefe, masu murfi, inda bakin igwa ke leƙowa. A can ƙurya kuwa, ƙasa da komai, ana jibge duwatsu don su danne jirgin. Na Vasa sun kai tan 120.

Sai kalmar da ta fi kowace muhimmanci a wannan magana: cibiyar nauyi, wato wurin da za a ce nauyin jirgin duka ya taru. Duk wanda ya taɓa ganin motar da aka lafta wa buhuna har suka yi mata tsiri a sama, ko kwale-kwalen da fasinjoji suka miƙe tsaye a cikinsa lokaci guda, ya san abin da ake nufi. Idan iska ta karkata jirgi, ruwan da ke ƙarƙashin ɓangaren da ya nutse yana tunkuɗo shi ya dawo daidai. Jirgi mai faɗin ciki, wanda nauyinsa ke ƙasa, yana dawowa da sauri. Siriri mai nauyi a ka kuwa, dawowarsa a hankali ce, kuma akwai iyakar da in ya wuce ta ba ya dawowa.

Yaƙin 'yan uwa a Tekun Baltik

Sarkin Suwidin na lokacin, Gustav Adolf, yana yaƙi ne da ɗan baffansa, Sigismund, sarkin Foland. Sigismund ya taɓa riƙe sarautar Suwidin kafin a tuɓe shi a 1599, kuma bai taɓa haƙura da ita ba. Ga rikicin addini a ciki, shi ɗan ɗariƙar Katolika, Suwidin kuma ta bi Furotesta. Ga kuma maganar kuɗi, domin wanda ya riƙe tashoshin Baltik, tekun da ke tsakanin ƙasashen biyu, shi ke karɓar harajin hatsi da katako da ke wucewa. Sojojin Suwidin suna ƙetaren teku, don haka abincinsu, albarusansu da albashinsu duk sai ta jirgi.

A 1625 guguwa ta hallaka jiragen Suwidin 10 a mashigin Riga. A 1627 kuma aka gwabza a kusa da Oliwa, a gaɓar Foland, inda Foland ta kama jirgin Suwidin ɗaya, ma'aikatan wani kuma suka tarwatsa nasu da kansu don kada ya faɗa hannun abokan gaba. Wannan ne ya sa wasiƙun sarki suka riƙa zuwa Stockholm daga fagen fama, kowace tana cewa a hanzarta.

An rattaba hannu kan kwangilar ƙera jirage huɗu, manya biyu da ƙanana biyu, a watan Janairun 1625, tsakanin gwamnati da wani gwanin ƙera jirage ɗan asalin Holan, Henrik Hybertsson, tare da ɗan kasuwa Arendt de Groote. An fara aikin Vasa a 1626. Ba a yi nisa ba Hybertsson ya kwanta ciwo, ya miƙa ragamar aikin ga mataimakinsa Hein Jacobsson, sannan ya rasu a 1627. Matarsa Margareta Nilsdotter ce ta ci gaba da riƙe harkar kuɗin masana'antar.

Jirgin da ke tsakanin zamani biyu

Tsawon Vasa mita 69 ne idan an haɗa da sandar goshi, faɗinsa mita 11.7, tsayinsa daga ƙashin baya zuwa ƙwanƙolin babban jigo ya haura mita 52. Itacen oak da ya ci ya kai bishiya 1,000. An tsara masa matuƙa 145 da sojoji 300.

Waɗannan sojoji 300 suna nuna irin yaƙin da aka saba a da. Jirgi yakan matso kusa da na abokin gaba, a ɗaure su, mayaƙa su tsallaka a yi ta gaba da gaba. A irin wannan yaƙi wanda ya fi tudu ya fi riba, domin daga sama yake harbi, shi ya sa aka yi wa Vasa ƙeya mai tsayi kamar hasumiya. Amma Gustav Adolf mutum ne da ya yi imani da igwa. Abin da yake so shi ne jirgin da zai ragargaza na abokin gaba tun daga nesa. Sai aka tsara wa Vasa igwogin tagulla 64, kuma 48 daga cikinsu manya ne iri ɗaya, kowace tana jefa dunƙulen ƙarfe mai nauyin kusan kilo 10. Ba za su shiga hawa ɗaya ba, sai aka yi hawa biyu.

Wato an nemi jirgi ɗaya ya yi aikin tsohon zamani da na sabo. Dabarar jera jirage a sahu suna ɓarin wuta daga gefe ba ta kankama ba sai wajen 1650 zuwa sama, kuma a lokacin ne maƙera suka daidaita a kan ƙa'idar sa manyan igwogi a hawan ƙasa, ƙanana a sama. Vasa ya zo kafin a gama koyon wannan darasi, a masana'antar da ba ta saba ƙera jirgi mai cikakken hawa biyu na igwa ba.

Maƙeran Holan kuma ba sa aiki da zane a takarda. Akwai jadawalin awo, tsawo kaza, faɗi kaza, zurfi kaza, sauran kuma yana cikin kan maigidan aiki da idonsa. Sukan fara da shimfiɗa katakan ƙasa, daga baya su sa haƙarƙari. Hanya ce mai sauri da arha, ta kuma fitar da dubban jirage nagari, muddin sabon jirgin ya yi kama da wanda aka taɓa yi. Lissafin da ke nuna tun kafin a sassaƙa katako ko jirgi zai tsaya daidai bai samu ba sai a ƙarni na 18, ta hannun masana irin su Bafaranshe Pierre Bouguer a 1746. Tsakaninsa da Vasa shekara fiye da 100.

Ado kuwa ba a yi masa rowa ba. Gumaka kusan 500 aka sassaƙa, aka shafe su da launuka masu ɗaukar ido: zaki mai tsawon mita 3 a goshi, sarakunan Rum a jere, jarumai daga Littafi Mai Tsarki da tatsuniyoyin Girka. Har da siffar wasu manyan Foland a durƙushe, an ajiye su inda matuƙi zai gan su in ya je makewayi. Sunan kansa daga tambarin gidan sarautar ya fito, wanda ke kama da damin hatsi.

Mita 1,300

Ranar Lahadi, 10 ga Agusta 1628, yanayi lafiya lau, iska kaɗan-kaɗan. Jama'ar gari sun cika bakin ruwa, har da jakadun ƙasashen waje. An bar matuƙa su hau da matansu da 'ya'yansu don rakiyar zangon farko, sojojin kuwa sai a gaba za a ɗauke su. Aka buɗe filafilai 4 cikin 10, aka bar tagogin igwa a buɗe don harbin ban kwana.

Iska ta farko da ta bugo daga kan tuddai ta karkata jirgin, ya dawo da ƙyar. Ta biyu ta fi ƙarfi. Ya kwanta ta hagu, tagogin hawan ƙasa suka shiga ruwa, ruwa ya kwararo ciki. Cikin ɗan lokaci ya zauna a ƙasa, a zurfin mita 32, kimanin mita 120 daga gaɓa, kusa da tsibirin Beckholmen. Tafiyar duka ba ta wuce mita 1,300 ba. Kawunan jigajigan sun rage a waje, wasu suka maƙale a kansu har ƙananan jirage suka zo. Mutum kusan 30 ne suka mutu.

Wa ke da laifi? Bayanai huɗu

A nan ne ra'ayoyi suka rabu, kuma tun a zaman binciken da aka yi a fadar sarki ranar 5 ga Satumba 1628 aka fara jin su.

Bayani na farko ya ɗora wa ma'aikatan jirgin. Shi ne abin da sarki ya fara zato da labari ya iske shi a fagen fama a yankin Furushiya bayan fiye da mako biyu: sakaci, kuma a hukunta masu laifi. An tsare kyaftin Söfring Hansson. Ya rantse cewa igwogin a ɗaure suke, kuma babu wanda ya sha giya. Da aka ciro jirgin bayan ƙarni uku, an tarar da kekunan igwogin a wurarensu, abin da ya gaskata shi. Inda zargin ke da ƙarfi shi ne tagogin ƙasa da aka bari a buɗe. Da an rufe su bayan iskar farko, mai yiwuwa jirgin ya kai inda za a sake masa tsarin kaya. Irin wannan ta taɓa faruwa a Ingila a 1545, lokacin da jirgin yaƙi Mary Rose ya sha ruwa ta tagogin igwa ya nitse.

Na biyu ya ce duwatsun ƙasa ne suka yi kaɗan. A ido gaskiya ne, tan 120 bai isa ba. Sai dai cikin jirgin ba shi da wurin ƙari, kuma ko da akwai, kowane tan da aka ƙara zai ƙara kusanto da tagogin igwa ga ruwa. Gaba kura, baya sayaki.

Na uku shi ne wanda ya fi yawo a duniya, musamman a azuzuwan koyar da shugabanci da tafiyar da ayyuka, inda har aka mai da Vasa misalin aikin da maigida ya lalata da katsalandan. A wannan ruwaya, sarki ne ya sa aka ƙara tsawon jirgin ana tsakiyar aiki, ya kuma sa aka ɗora hawa na biyu da ba a shirya da shi ba. Labari ne mai daɗin ji, amma masu binciken gidan tarihin, cikinsu har da Fred Hocker, sun duba gangar jikin jirgin katako bayan katako ba su ga alamar an yi masa ƙari a tsakiyar aiki ba. Abin da ya tabbata a kan sarki shi ne ya amince da awon jirgin, ya nemi manyan igwogi, ya kuma matsa a yi sauri.

Na huɗu shi ne wanda shaidar katakon ta fi goyon baya. Nauyin igwogin, duk da yawansu, ƙaramin kaso ne na nauyin jirgin da ya kai kimanin tan 1,200. Matsalar tana jikin ginin: an yi hawan sama da katakai masu kauri fiye da kima, an ba kowane hawa tsayi mai yawa, alhali abin da ke cikin ruwa siriri ne, marar zurfi. Maƙeran sun ji tsoron kada igwogi su karya daɓe, sai suka ƙarfafa sama har ta fi ƙarfin ƙasa. Jacobsson ya shaida wa masu bincike cewa shi da kansa ya ƙara faɗin jirgin da kusan santimita 42 bayan ya karɓi aikin, amma ƙasan an riga an shimfiɗa, ba yadda za a yi ya wuce haka.

Akwai wani ƙarin bayani da ake yawan ambata. An tsinci sandunan awo huɗu na ma'aikata, biyu da ƙafar Suwidin mai inci 12, biyu da ƙafar Amsterdam mai inci 11, kuma jirgin ya fi nauyi ta hagu. Wannan ya taimaka wajen karkatar, amma jiragen zamanin da yawa ba su da daidaiton gefe biyu, kuma sun yi ta tafiya.

Gwajin da aka dakatar

Abin da ya fi ɗaukar hankali a zaman binciken ba awo ba ne. An san jirgin ba shi da lafiya tun kafin ya tashi. Kyaftin Hansson ya shirya gwaji a gaban mataimakin babban kwamandan rundunar ruwa, Klas Fleming: mutum 30 suka riƙa gudu tare daga wannan gefe zuwa wancan. A zagaye na uku jirgin ya yi tangaɗin da ya sa aka tsayar da su, don kada ya kife a inda yake ɗaure. Shaidar da aka bayar ta ce Fleming ya yi fatan da ma sarki yana gida. Daga nan ba a sake jin maganar ba.

Ana iya kallon Fleming a matsayin wanda ya ga rami ya yi shiru. Ana kuma iya duba halin da yake ciki: sarki yana ƙetare yana aiko da umarni, sarkin ne kuma ya amince da awon, an riga an kashe kuɗin, kuma babu wani ma'auni da zai nuna wa sarki a takarda cewa jirgin ba zai tafi ba. Jirage masu tangaɗi ba baƙon abu ba ne a lokacin, akan gyara su bayan an gwada su a ruwa, ko a rage igwogi, ko a ƙara wa cikinsu katako ta waje. Wataƙila abin da aka yi niyya ke nan.

Binciken ya ƙare ba a hukunta kowa ba. Ma'aikatan jirgi suka nuna maƙera, maƙera suka nuna awon da sarki ya sa wa hannu da kuma Hybertsson, wanda ke kabari. Da aka tambayi de Groote dalilin nitsewar, amsar da aka ruwaito daga gare shi ita ce Allah kaɗai ya sani.

Amma masana'antar ta ɗauki darasi, ko da ba ta faɗa ba. Ɗan'uwan Vasa, mai suna Äpplet, wanda Jacobsson ya kammala a 1629, an yi shi da ƙarin faɗi na kusan mita ɗaya. Ya yi aiki kimanin shekara 30 kafin a nitsar da shi da gangan a mashigin Vaxholm, kusa da Stockholm, don toshe wa abokan gaba hanya. An gano gawarsa a 2021, aka sanar a 2022, kuma yanzu masana na da abin da za su kwatanta Vasa da shi.

Daga laka zuwa gidan tarihi

Abin da ke da daraja a idon mutanen ƙarni na 17 shi ne tagullar. Tsakanin 1663 da 1665, Albrecht von Treileben da mutanensa suka yi amfani da wata ƙatuwar ƙararrawa da ake saukar da mutum a cikinta, yana shaƙar iskar da ta maƙale a sama, suka ciro igwogi fiye da 50. Daga nan aka bar katakon.

Ya tsira ne saboda ruwan Baltik ba shi da gishiri sosai, kuma tsutsar nan mai cin katako, wadda za a iya kira garar teku, ba ta rayuwa a cikinsa. Ƙazantar da birnin ke zubarwa a tashar ta kuma rage iskar da ƙwayoyin ruɓewa ke buƙata. Wani mai binciken tsoffin jirage, Anders Franzén, ya gano inda yake a 1956. Masu nutso suka haƙa ramuka 6 a ƙarƙashinsa, aka zura igiyoyin ƙarfe, kuma ranar 24 ga Afrilu 1961 ya leƙo sama bayan shekara 333. Da aka toshe ɓarakarsa aka zuƙe ruwan, a kan cikinsa ya yi iyo zuwa wurin gyara.

Katakon da ya jiƙa na ƙarnuka, in aka bar shi ya bushe haka kawai, tsagewa yake yi ya ƙanƙance. Shi ya sa aka shekara 17 ana fesa masa wani sinadari mai kama da kaki, PEG, don ya maye gurbin ruwan. An buɗe gidan tarihin na yanzu a 1990, kuma kusan kashi 98 cikin 100 na abin da ake gani katakon asali ne.

Me ya sa yake lotsawa?

An ƙera jirgi ne don ruwa ya ɗauke shi ta ko'ina lokaci guda. A kan tudu, nauyin tan 800 zuwa 900 yana sauka ne a kan 'yan wuraren da madogarai suka taɓa shi, kuma madogaran da aka sa tun shekarun 1960 ba a wuraren da suka dace duka suke ba. Katakon kansa ya yi rauni. A shekarar 2000 aka fara ganin tabo fari da rawaya a jikinsa: farar wutar da ya tsotsa daga gurɓataccen ruwa tana haɗuwa da iska ta zama asid, ƙarfen tsoffin ƙusoshin da suka yi tsatsa kuma yana hanzarta lalacewar. An gyara na'urar daidaita sanyi da laima, sannan tsakanin 2011 da 2018 aka sauya ƙusoshi kusan 5,000 da na ƙarfen da ba ya tsatsa. Duk da haka awo ya nuna gangar jikin tana sauka da kimanin milimita ɗaya a shekara, tana kuma ɗan karkata. Sabon tsarin zai ƙara yawan madogaran waje daga 17 zuwa 27, a kuma sa wani ƙwarangwal na ƙarfe a ciki da zai ɗauke wa katakon nauyin hawan sama, wato nauyin nan da ya kifar da shi tun farko.

Abin da ya shafi talaka, jiya da yau

A 1628 talakan Suwidin ne ya biya kuɗin jirgin ta haraji, shi ne kuma aka ɗebo daga ƙauyukan bakin teku ya zama matuƙi. Kayan da aka tarar sun nuna rayuwarsa: cokulan katako, akwatunan tufafi, allon wasan dara, kuɗin jan ƙarfe fiye da 4,000. Babu gadon kwana, a kan daɓe tsakanin igwogi ake barci. An samu ƙasusuwan aƙalla mutum 15, kuma a 2023 gwajin ƙwayoyin halitta ya nuna cewa ɗaya daga cikinsu, da aka daɗe ana ɗauka namiji ne, mace ce.

A yau jirgin yana jawo baƙi fiye da miliyan ɗaya a shekara, abin da ya sa yake cikin wuraren da suka fi kawo wa Stockholm masu yawon buɗe ido, da duk cinikin otal da abinci da sufuri da ke biye da su. Kuɗin sabbin madogaran ya kai aƙalla kurona (kuɗin Suwidin) miliyan 150, kuma gidan tarihin, wanda ya dogara sosai da kuɗin tikiti, ya nemi gudummawar jama'a da kamfanoni. Saboda wannan dogaro ne ba a rufe ƙofa ba: ana aikin sashe-sashe, madogari bayan madogari, masu ziyara suna kallon maƙeran daga inda suke tsaye.